Kiran Kwana Casa'in

Sunana Ingvar Halldorson. Shekara talatin da huɗu na shugabanci sashen kulawa ta musamman a wani babban asibiti da ke Winnipeg, kuma ba na jin nauyin faɗin cewa na riƙe aikin yadda magabatana suka riƙe shi. Malamina, Farfesa Abram Loewen, wanda ya riga mu gidan gaskiya tun kafin a haifi yawancin likitocin da ke sashen a yau, yakan ce likitan da ya raka marar lafiya bakin ƙofa ya juya, bai san komai game da aikinsa ba face ranar da gado ya samu sarari. A kan wannan magana tasa na gina binciken da aka san ni da shi. Duk wanda ya kwana uku ko fiye a kan na'urar numfashi a sashenmu, in ya amince, ko wani nasa ya amince a madadinsa, mukan kira shi ta waya sau biyu: ranar da ya cika kwana casa'in da shigowa, da kuma ranar da ya cika shekara.

Tambayoyin tara ne, kowace da maki biyu, sha takwas ke nan ga wanda ya warke sarai. Ana tambayar tafiya, da wanka, da sa tufafi, da cin abinci, da hawa matakala, da fita waje, da ciwo, da barci, sannan a ce wa mutum ya kwatanta yau da kafin ya kwanta. Ƙa'idojin kiran kuwa ni na rubuta su da hannuna. Ta farko, da waya za a kira, ba wasiƙa ba. Ta biyu, marar lafiyar da kansa zai amsa matuƙar yana iya riƙe waya. Ta uku, a karanta tambaya yadda take a rubuce, ba ragi ba ƙari. Ta huɗu, tsakanin kira na farko da na biyu kada wanda ke da hannu a binciken ya kira shi ko ya bita masa tambayoyin, don kada a gurɓata amsa. Ta biyar, ba a cewa mutum ya ɓace sai an kira shi sau bakwai, a ranaku dabam-dabam, a lokuta dabam-dabam. Nas guda ce ta yi yawancin kiran nan, Lesia Dubik, daga wani ɗaki marar taga kusa da wurin ajiyar zannuwa. Shekara ashirin da shida tana yi, kuma ita kaɗai ce a asibitin da ke ɗaga mini murya in ƙyale.

Matata Solveig ma ta waya na same ta. Ina sabon likita, ita tana aiki a ɗakin haɗa waya da ke ƙarƙashin ginin. A wancan zamani in ana neman likita, sai ta bi lambobin asibiti ɗaya bayan ɗaya har ta cim masa. Ranar farko a ɗakin cin abinci ta kama ni.

"Dakta Halldorson ne? Ajiye cokalin nan, hawa na huɗu na nemanka."

Na tambaye ta cikin isa yadda aka yi ta san cokali ne a hannuna.

"Miya ake yi yau, Ƙaramin Farfesa. Ko da hannu kake sha?"

Wata goma sha ɗaya na san muryarta ban san fuskarta ba. Sunan nan da ta laƙa mini kuwa bai bar bakinta ba ko bayan na zama farfesan gaske, ko a gaban baƙi. 'Yar masunta ce daga garin Gimli na bakin tafki, ta tashi cikin maza biyar, ba ta san yadda ake barin magana ta faɗi ƙasa ba. Shekara arba'in da tara gidanmu bai yi shiru ba. Tana magana da rediyo, tana magana da tanda, tana yi wa tsuntsayen da ke cin hatsin da take zuba musu faɗa da sunayen 'yan'uwanta.

Ina shekara ta bakwai da yin ritaya, a watan Fabrairu, matsarmamarta ta kumbura, ƙwayoyin cuta suka shiga jini. Aka yi mata tiyata, aka hau da ita sashen da na shugabanta, gado na shida, wanda ke fuskantar agogo. Kwana goma sha tara ta yi a kan na'ura. A kwana na uku Dakta Rowena Abad, ɗalibata da ta gaje ni, ta zo da takardar amincewa tana sunkuyar da kai, ta ce in ban so ba kowa zai fahimta. Na ce mata wanda ya nemi sa hannun iyalai dubu shida ba shi da bakin ƙin nasa. Na sa hannu. Solveig ta zama lamba 6,412.

Ta rayu, kuma ina faɗa da alfahari cewa waɗanda na koyar ne suka yi aikin. A ƙarshen Maris ta dawo gida da ƙafarta. Tana wanka da kanta, tana ɓalla maɓallan rigarta, tana cinye abin da aka zuba mata. Ta san sunana, ta san inda cokula suke. Amma magana ta ɗauke. In na tambaye ta, sai ta dube ni da ladabi irin na baƙon da ba ya so ya ɗora wa masu gida nauyi, ta ce "I" ko "A'a" ko "Duk ɗaya ne". Ta zaɓi kujerar bakin taga ta falo, nan take wuni. Tsuntsaye suka zo suka ci hatsin da ni nake zubawa yanzu, ba wanda ya yi musu faɗa. 'Yarmu tana kira daga Vancouver ta hoton bidiyo duk Lahadi, uwar ta kalli allon, ta gyaɗa kai, ta mayar da ido taga. Wayar bangon kicin kuwa ni nake ɗauka in ta yi ƙara, don kada a dame ta, kuma dama masu talla ne kawai suka rage suna kiranta.

Na san sunan abin a littafi. Na rubuta a kansa. Sanin sunan abu bai taɓa cika gida da murya ba.

Ranar sha huɗu ga Mayu, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, wayar kicin ta yi ƙara. Lesia ce.

"Dakta, ina wuni. Ba wurinka na zo ba."

Na ce Solveig ba ta cika magana ba, zan iya amsawa a madadinta.

"Tana iya riƙe waya?"

"Tana iyawa."

"Ƙa'ida ta biyu. Wani tsoho mai taurin kai ne ya rubuta ta, in kana da ƙorafi ka neme shi."

Na je na kamo hannun Solveig na kawo ta kicin, na sa mata kan wayar a tafin hannu. Ta dube shi jim kaɗan. Sai ta kai shi kunne, ta ɗan karkata kai ta maƙale shi da kafaɗa yadda ta saba, ta miƙe tsaye sosai.

"Gidan Halldorson, Solveig ke magana."

Na dafa bayan kujera.

"Lesia! 'Yar nan, har yanzu kina cikin kurkukun nan marar taga? Ki ce su ba ki ofishinsa mana, ai ya bar shi." Ta yi shiru tana saurare. "Tafiya? Ina yi. Matakala? To wa zai hau mini, wannan tsohon? Gwiwarsa ta fi ƙofar gareji kuka." Ta yi dariya, dariyar nan tata da ke farawa daga hanci. "Barci ina samu in ya daina minshari. Ke, tambaya ta nawa muke? Tara ce duka, ko? Shekara talatin yana yi wa mutanen gari tambaya tara, ni da na aure shi ko guda ban samu ba."

Minti goma sha ɗaya suka yi. Na san adadin domin idona na kan agogon tanda, ban iya kallonta ba. Ta tambayi jikokin Lesia da sunayensu. Ta yi mata alkawarin kek ɗin vinarterta in Kirsimeti ya zo. Sannan ta ce, "Sai an jima, ki gai da gida," ta rataye wayar. Hannunta bai gama barin wayar ba kafaɗunta suka sauka. Na ce, "Solveig." Ta juyo ta dube ni da ladabin nan, ta wuce ni, ta koma kujerar taga.

Mai karatu zai ce abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in kira ta da kaina. Ni ma na gan shi a wannan yammacin, da waya a bango da wata a aljihuna. Ban yi ba. Ni ne wanda ya kafa binciken, sunana na kan takardunsa har yau, saboda haka ƙa'ida ta huɗu ta hau kaina: babu kira tsakanin kwana casa'in da shekara. Na taɓa cire wani matashin likita daga aikin saboda ya kira wata majinyaciya don ya ji lafiyarta kawai, kuma na tsaya a gaban kwamiti na kare wannan hukunci. Wanda ya yanke wa ɗan wani bai kamata ya sassauta wa kansa ba. Haka na gaya wa kaina, kuma gaskiya ne. Akwai wani dalilin da ban gaya wa kaina ba sai daga baya. Dukan rayuwata na koyar da cewa abin da aka gani sau ɗaya ba hujja ba ne, sai an maimaita. Na kuma san sau nawa maimaitawa ke kashe abin da aka gani. Muddin ban gwada ba, minti goma sha ɗayan nan nawa ne, kuma akwai kira na biyu yana tafe a Fabrairu bisa tsari, da muryar Lesia, da tambayoyi iri ɗaya, a wayar nan dai. Sai na ƙara saurin ɗaukar waya in ta yi ƙara, don kada wani mai tallan inshora ya ɓata mini abin da nake tattali.

Bazara ta zo ta wuce. Na kai ta Gimli ta ga tafkin, ta zauna a mota. Ganye ya zube, dusar ƙanƙara ta sauka tun farkon Nuwamba. Kirsimeti ya zo ba a toya komai ba. Na ja da'ira a kalanda a kan sha uku ga Fabrairu, kuma da yake ƙa'ida ta ba da sararin mako biyu kafin ranar ko bayanta, tun ƙarshen Janairu na daina fita da yamma.

Wasiƙa ce ta zo maimakon kira. Da sa hannun Dakta Abad, ana sanar da masu cikin binciken cewa daga wannan shekara an daina kiran waya. Nas za ta zo gida ta ga mutum ido da ido.

Washegari na sa kwat da lakataye, na cire igiyar lantarkin da ke ɗumama injin mota saboda sanyi, na nufi asibiti. Solveig na iya zama ita kaɗai sa'o'i. Ai a kiran farko maki sha takwas ta samu.

Rowena ta miƙe da ta gan ni, ta ba ni kujerar da ta kasance tawa, na ƙi. Na tuna mata cewa a 1994 hukumar asibiti ta so a koma aika wasiƙa, na tsaya, aka bari. A 2006 an so a ba wani kamfani kiran, na tsaya, aka bari. Na ce ma'aunin da aka canza a tsakiyar hanya ya raba bincike gida biyu, na baya ba zai yi magana da na gaba ba, kuma Farfesa Loewen da kansa ya ƙi sauya ko waƙafi a takardarsa shekara goma sha biyu.

Ta bar ni na gama, yadda na koya mata. Sannan ta jawo wata takarda.

"Farfesa, na aiko maka da wannan tun Oktoba. Na zaci shirun da ka yi fushi ne."

Ban buɗe ambulan ɗin ba. Yana kan teburina a ƙarƙashin takardun magani.

"Mutum ɗari biyu da arba'in muka kira, sannan muka je gidajensu a cikin makon. Huɗu cikin goma, abin da muka gani a gida ya gaza abin da muka ji a waya da maki huɗu ko fiye. Ka san mutanenmu. Ƙafar mutum za ta gutsure, a kira shi, ya ce, 'Ba laifi, ana lallaɓawa, ya naku sanyin?' Tsofaffi sun fi kowa. In waya ta yi ƙara sai su tattaro duk abin da ya rage musu su sa a murya. In an ajiye, shi ke nan." Ta miƙo mini takardar. "Ba aikinka nake rushewa ba. Kai ka ce mana a bi mutum har a san gaskiya."

Na karanta jadawalin sau biyu a tsaye. Aikin mai kyau ne, ban sami inda zan sa jan alƙalami ba. Abin da ta kira kuskuren ma'auni, abin da ta tsara hanyar kawar da shi, shi ne na sa lakataye na zo roƙo.

Na ce, "Lamba 6,412 ta shiga a ƙarƙashin tsohon tsari. A kammala mata a kansa."

Ta gane lambar. Idonta ya kawo ruwa, amma ta girgiza kai.

"In na yi mata, sai na yi wa mutum tamanin da suka rage. Kai ka ce babu togiya ko da uwar mutum ce. A ɗakin nan ka faɗa, ina tsaye a can."

Na faɗa. Na gode mata, na ce ta yi daidai, na fita.

Ban kai ga lif ba aka riƙe mini hannun kwat.

"Ji shi, ya sha lakataye kamar mai zuwa jana'izar gwamna. Za ka wuce ƙofata ba gaisuwa? Shigo."

Ɗakin Lesia na nan yadda yake, sai dai kwalaye a ƙasa, domin ita ma a Afrilu za ta ajiye aiki. Ta tura mini kujera da ƙafa, ta zuba gahawa, ta buɗe kwanon abincinta ta tura gabana.

"Ci. Ferogi ne, curin fulawa mai dankali a ciki, ba guba ba. Ka rame kamar tsintsiya. Yaya mutuniyata? Tana bina bashin gaisuwa, ni kuma ina binta kek."

Na yi niyyar cewa ba laifi, ana lallaɓawa. Da na ji kalmomin a bakina sai na kasa fitar da su. Na gaya mata komai, da kujerar taga, da minti goma sha ɗaya, da da'irar kalanda. Ban taɓa yi wa wanda ya yi aiki a ƙarƙashina magana irin wannan ba.

Ta ajiye cokali mai yatsu.

"Ranar nan da na ajiye waya har tafi na yi ni kaɗai. Na ce matar Dakta ta dawo. Na rubuta sha takwas ina murna." Ta share baki. "Tsaya. Wata tara ke nan. Kana nufin ba ka kira ta ba ko sau ɗaya?"

"Ƙa'ida ta huɗu."

"Ƙa'ida ta huɗu! Allah Ya ba ni haƙuri da masu ilimi. Dakta, don ni ka rubuta ta, da yaran nan masu rawar kai. Ba a rubuta ta don miji ba. Kuma ko don kai ce, ƙa'idar ta mutu, tun Janairu aka binne ta, ba ka zo gaisuwa ba. Waya a bango, waya a aljihu, kana zaune kana jiran kwamiti ya ba ka izinin gai da matarka?"

Na ce, "In na kira, ba ta zo ba fa?"

Lesia ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana juya kofinta.

"Ni sau nawa nake kira kafin in rubuta cewa mutum ya ɓace?"

"Bakwai."

"A rana ɗaya?"

"A ranaku dabam-dabam. A lokuta dabam-dabam."

"Wa ya rubuta?"

Na ajiye kofin gahawar.

"To tashi ka ba ni wuri. Ka tafi da sauran ferogin, ka dawo mini da kwanona."

Na isa gida ƙarfe huɗu saura. Ban shiga gareji ba, na tsaya a bakin titi inda nake hango tagar falo, na bar injin yana aiki. Tana nan a kujerarta, da bargo a gwiwa. Na danna lambar gidana, wadda na yi shekaru ban kira ba. Na ga ta ɗan juya kai wajen kicin. Wayar ta yi ƙara sau goma sha biyu, ta katse. Solveig ta mayar da ido kan titi, inda motata take, ba alamar ta gan ta.

Washegari na gwada da safe, daga cikin gareji, ina jin ƙarar ta bango. Ba a ɗauka ba. Na shiga na dafa mata ƙwai. Sai a lokacin na tuna cewa shekara guda na yi ina koya mata cewa waya ba tata ba ce.

Rana ta uku na koma bakin titi, ƙarfe huɗu. Sanyi ya kai talatin ƙasa da sifili, gilashin motar na yin farin gashi na ƙanƙara ta gefe. Na kira, wayar ta yi ƙara sau biyar, sau shida, sau takwas. Sai na ga bargon ya zame ƙasa. Kujerar ta zama babu kowa.

"Gidan Halldorson, Solveig ke magana. Ku yi haƙuri, wayar nan kwana uku tana kuka, mai ɗaukarta ya shiga duniya."

Na yi kwana uku ina shirin kira, ban shirya abin faɗa ba. Abin da bakina ya sani shi ya fito.

"Kina iya tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki ba tare da taimako ba?"

"Ƙaramin Farfesa, kai ne? To da fiffike na zo nan?"

Na kife goshina a kan sitiyari.

"Kana ina? Ina jin inji."

"A mota. Ƙofar gida."

"A wannan sanyin? Ka sa hula?"

"Ban sa ba."

"Ai na sani. Kan da babu gashi, babu hula, sai digiri. In ka kwanta kada ka sa ran zan yi jinya, ni ma yanzu na tashi."

Muka yi maganar hula. Muka yi maganar tsuntsaye. Ta ce ina zuba musu hatsi da yawa, shi ya sa mai jan kan nan ya yi ƙiba kamar yayanta Baldur. Ashe tana gani. Da na ji numfashina ya daidaita, sai na yi mata tambayar da ba ta cikin tara.

"Solveig, ina kike shiga?"



"Ina nan. Ina jin ku duka. Amma in fuska na gabana tana jira, sai maganar ta yi nisa, kamar na aika a ɗauko ta daga Gimli. Kafin ta iso an gaji. Kai kuma kallona kake kamar za ka rubuta." Ta ja numfashi. "Nan kuwa murya ce kawai. Murya na iya."

Na ce zan daina kallon. Ta ce ba zan iya ba, da shi aka haife ni. Daga nan kalmominta suka fara nisa da juna. Ta fara wata magana a kan tanda ba ta ƙarasa ba. Ta ce, "To... sai an jima. Ka gai da gida." Wayar ta katse. Minti shida ne.

Da na shiga tana kujerarta. Na ɗauki bargon daga ƙasa na mayar mata a gwiwa, idona a kan bargon. Na wuce kicin na ɗora ruwan shayi.

Nas ɗin Rowena ta zo a ƙarshen watan, yarinya mai natsuwa, ta yi awa ɗaya da rabi, ta rubuta maki sha ɗaya. Ban yi gardama ba. Na rubuta wa Rowena wasiƙa a kan takarda mai sunana, na ce bincikenta ya inganta, kuma ya wajaba a buga shi da bayanin cewa alƙaluman da na wallafa a baya sun fi gaskiya haske. Farfesa Loewen ya taɓa janye wani sakamakonsa a gaban taro a Toronto, saboda haka ba ni na fara ba. Na ƙara layi guda a ƙarshe, cewa a jadawali na uku ta kira amsar waya "amsar da ba ta gaskiya ba", kuma ina roƙon ta sake wa wannan suna. Ta sake.

Tun daga ranar da ta ɗauki wayar nan nake fita mota ƙarfe huɗu in kira ta. Maƙwabcina ya ɗauka injin nake ɗumamawa, har da bazara, kuma ban gyara masa ba. Wata rana ta ɗauka mu yi minti goma, wata rana minti biyu, wata rana ta ce, "Gidan Halldorson," ta tsaya nan, mu yi ta jin numfashin juna. A Nuwamban da ya wuce ta yi kwana tara ba ta tashi daga kujerar ba. A na bakwai na daɗe a mota bayan wayar ta katse. A na takwas na sake fita, domin ƙa'idar cewa ta yi ba a rubuta mutum ya ɓace kafin bakwai, ba ta ce dole a rubuta bayan bakwai ba. Na duba, ni na tsara jimlar. A na goma ta ɗauka, ta tambaye ni wanda ya ƙona tukunyar miya.

Yau kwana huɗu ke nan ba ta ɗauka ba. Agogon tanda ya nuna huɗu saura kwata, tana kujerarta, dusar ƙanƙara na sauka a kan abincin tsuntsaye. Zan ajiye alƙalami in nemo hulata, don in ta ɗauka hular za ta fara tambaya.